Mai jinya a kudancin Indiya, daina wuce ƙaramin gidan abincin da ke bakin asibiti

Duk shekara mutanenmu na tafiya Chennai da Bengaluru da Haidarabad da Kochi da Vellore, wasu neman magani, wasu rakiyar mara lafiya, wasu karatu. Kusan kowa kafin ya tashi sai an ja masa kunne: kada ka ci abincin waje, ka tsaya a na otal, ko ka sayi tukunya ka riƙa dafa naka. Masu faɗin haka da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma a ganina sun yi wa gidajen abincin ƙasar kuɗin goro, kuma baƙo ne ke kwana a ciki. Wanda zai yi wata biyu yana kai da kawo tsakanin masauki da asibiti ba shi da sukunin girki sau uku a rana, aljihunsa kuma ba zai jure abincin babban otal ba. Sai ka ga dattijo yana rayuwa a kan burodi da shayi da taliyar leda, alhali kullum yana wuce wani ɗan gidan abinci mai teburan ƙarfe, inda ma'aikatan jinyar asibitin da direbobin adaidaita sahu suke karin kumallo.

Ra'ayina shi ne wannan ƙaramin wurin ya fi dacewa da baƙo Musulmi mai ƙaramin ƙarfi fiye da teburin otal da aka jera wa abinci tun safe ana ɗumamawa. Dalilai biyu ne. Yawancin abin da ake sayarwa a wurin daga wuta yake zuwa faranti cikin 'yan mintuna, a gaban idonka. Sannan da yawa daga cikinsu nama ba ya shiga ƙofarsu sam, balle a yi maganar wanda ya yanka. Sai dai akwai abubuwa uku ko huɗu da ke iya kwantar da mutum, kuma yawancinsu ana gane su da ido da hanci.

A fara da allon da ke bakin ƙofa. A kudancin Indiya in ka ga an rubuta Hotel, sau da yawa gidan abinci ake nufi, ba masauki ba. In an ƙara da Pure Veg, ko ka ga koren ɗigo cikin koren murabba'i, to babu nama, babu kifi, babu ƙwai. Sunayen da ke ƙarewa da Bhavan ko masu ɗauke da Udupi galibi irin waɗannan ne. Udupi gari ne a gaɓar tekun Karnataka, kuma daga girkin wurin bautar da ke can, wanda aka kafa a ƙarni na 13, masu dafuwa suka bazu cikin birane suna buɗe gidajen abinci. A Bengaluru akwai waɗanda ake kira Darshini, da suka fara yaɗuwa a shekarun 1980: ka biya a kanta, a ba ka tikiti, ka miƙa wa masu girki, ka ci a tsaye ka ba wani wuri. Wanda aka rubuta wa Military Hotel kuwa ba na sojoji ba ne, gidan nama ne, kuma nan ne tambayar yanka take tasowa. Mai son nama ya nemi unguwannin Musulmi: Triplicane a Chennai, Shivajinagar ko Frazer Town a Bengaluru, kewayen Charminar a Haidarabad, ko gidajen abincin Musulmin Malabar a Kozhikode. A jihar Kerala da yankin Kodagu na jihar Karnataka akwai wuraren da ke dafa naman alade, don haka a can tambaya wajibi ce kafin a zauna.

Za ka ga hotunan abin bautar mabiya addinin Hindu da turaren tsinke kusa da mai karɓar kuɗi a wurare da yawa. Abincin sayarwa daban yake da wanda ake rabawa a wuraren bautarsu, wanda suke kira prasadam. Wannan na biyun in an miƙo maka, kana iya ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya ka wuce, ba wanda zai ji haushi.

Lokaci shi ne abu na biyu, kuma nan baƙi suka fi yin kuskure. Gidan abincin kudu yana tafiya da agogo. Daga wajen ƙarfe 7 zuwa 11 na safe lokacin tifin ne, wato idli, dosa, vada, pongal da upma. Daga 12 zuwa 3 na rana lokacin shinkafa ne da miyoyinta. Da yamma a koma tifin, da dare a ƙara da capati da parota, nau'o'in gurasar alkama. Wanda ya shiga ƙarfe 3 da rabi yana neman abincin rana zai samu ƙarshen tukunya ne, wanda ya nemi idli ƙarfe 11 da rabi zai iya samun wanda ya huce aka sake turarawa. Ka je lokacin da wurin ya cika. Cunkoson nan da ke korar baƙo shi ne babbar kariyarsa, domin tukunyar da ke ƙarewa kowane rabin awa ba ta samun lokacin lalacewa.

Idli ne ya kamata mai shigowa ya fara da shi, kuma shi ne ma'aunin gidan. Farin ƙullu ne da aka turara, ba mai a cikinsa, ba barkono. Ana haɗa shi da shinkafar da aka turara tun tana cikin ƙaiƙayi, mudu huɗu, da wani ƙaramin baƙin wake da aka cire wa ɓawo mai suna urad, mudu ɗaya, da ɗan hulba. A jiƙa kowanne daban na awa 4 zuwa 6. A markaɗa waken da injin dutse har ya yi kumfa ya yi sauƙi, a markaɗa shinkafar da ɗan saura-saura, a haɗa da hannu a sa gishiri, a rufe a bari ya kwana, awa 8 zuwa 12, har ya kusa ninkawa. Ba a sa yis. Ƙwayoyin halittar da ke jikin waken su ke tayar da shi, kuma yauƙin waken ne ke riƙe iskar. Da safe a zuba a faifan ƙarfe mai gurabu, a turara minti 10 zuwa 12. Wanda ya san ƙullun masa ba zai ga baƙon abu ba a nan, har ma suna da wani mai suna paniyaram da ake toyawa a kasko mai gurabu sak tanda.

Ga yadda ake gane mai kyau. Ka danna shi da yatsa, ya lotsa ya dawo. Ka gutsura, cikinsa ƙananan ramuka ne, ƙamshinsa ɗan tsami-tsami mara ƙarfi. In ya zo a shafe da tauri, ƙullun bai tashi ba, ko waken ya yi kaɗan, ko an cika ruwa. In tsaminsa ya bugi hanci, ƙullun ya wuce lokaci, abin da ke yawan faruwa a zafin Chennai na watan Afrilu da Mayu in ba a sa shi a firiji ba. In kuwa ya yi ɗorawa-ɗorawa yana ɗanɗanon sabulu a bayan harshe, an yi masa ha'inci da bekin soda don a gudu wa jiran kwana. Ba zai kwantar da kai ba, amma gidan da ya yi wa idli haka zai yi wa sauran abinci abin da ya fi haka.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan muni. Asalin sana'ar, farin ƙyallen auduga ake jiƙawa a shimfiɗa a kan faifan kafin a zuba ƙullu, don kada ya manne. Wanke ƙyalle aiki ne, sai wasu suka koma shimfiɗa leda. A watan Fabrairun 2025 hukumar kula da abinci ta jihar Karnataka ta bincika wurare 251, ta samu 52 suna turara idli a kan leda, gwamnatin jihar kuma ta haramta yin haka. Na goyi bayan wannan hukunci ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin mu da muke dafa alale a leda ya kamata mu yi wa kanmu irin wannan tambayar. Ga mai ci, abin yi mai sauƙi ne: tukunyar turarar yawanci a fili take, ka tsaya ka ga an buɗe ta. Ƙyalle ko faifan da aka shafa wa mai, ka zauna. Leda, ka fita.

Dosa daga dangin ƙullun nan take, sai dai shinkafar kan zama kashi uku ga ɗaya na wake, an fi markaɗa ta da laushi, an kuma fi tsinka ta. Mai toyawa yana tsaye gaban wani faffaɗan faifan ƙarfe mai kauri. Zai yayyafa ruwa ya ji ƙarar, ya share, ya zuba ƙullu da ɗan kofi, ya juya gindin kofin daga tsakiya zuwa waje har ya zama fai-fai, ya zagaya da mai ko man shanu. Ruwan da yake yayyafawa don ya rage zafin ƙarfen ne: in ya yi zafi da yawa ƙullun zai kama nan take ya dunƙule, in ya yi sanyi dosar za ta fito fara mai jan-jan kamar roba. Baƙi da yawa na tsorata in sun ga ya ɗauki tsintsiya ya share faifan. Tsintsiyar ta wannan aikin ce kaɗai, tana ajiye a gefen murhu, kuma ƙarfen da take taɓawa ya fi ƙarfin kowace ƙwayar cuta. Masala dosa ita ce wadda aka naɗe da dankalin Turawa da aka dafa da albasa da kurkur da ƙwayar mastad da ganyen kori. Rava dosa da tsakin alkama ake yi, ba ta kwana, kuma tana ɗaukar lokaci a wuta, don haka mai sauri kada ya nema. Utapam mai kauri ce, an watsa mata albasa da tumatir. A Bengaluru dosa ta fi kauri, ta fi shan man shanu, kuma tsoffin gidaje irin su MTR, da aka buɗe a 1924, da Vidyarthi Bhavan, na 1943, har yau layi ake yi musu. Dosa ba ta jira. Minti biyar a faranti ya isa ta yi laushi, shi ya sa bai kamata a ƙulle ta a kai asibiti ba.

Vada kuwa ƙullun urad ne zalla, mai rami a tsakiya, da ake soyawa cikin mai. A nan mai ne abin dubawa. Mai kyau launin zinariya ne, waje ƙarau, ciki fari da laushi. In ya yi duhu, yana ɗaci a maƙogwaro, ko ka leƙa kaskon ka ga man ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi, an daɗe ana juya mai ɗaya. Hukumar abinci ta ƙasar, FSSAI, tun 2018 ta sa iyaka a kan lalacewar man suya, amma ba kowane lungu mai bincike ke kaiwa ba. In vada ya sha mai har yana ɗiga in an matsa, ƙullun ya yi ruwa ko man bai yi zafi ba. Mai matsalar zuciya ko hanta ya haƙura da shi gaba ɗaya.

Yanzu ga inda haɗarin gaske yake, kuma a nan masu cewa kada a ci abincin waje suna da gaskiyarsu. Kowane tifin yana zuwa da ƙananan kwanoni biyu ko uku. Ɗaya sambar ce, miyar wake mai zafi. Sauran catni ne, kuma farin cikinsu ɗanyar kwakwa ce da aka markaɗa da gasasshen wake da ɗanyen barkono da ruwa. Ba ta ganin wuta, in ban da ɗan soyayyen mastad da ake zuba mata a sama. Ruwan da aka markaɗa ta da shi ba ka san daga ina yake ba, kuma kwakwa a zafi awoyi kaɗan take yi ta juya. Da safe a wuri mai ciniki sabuwa ce, fara tas, mai ɗan zaƙi. In ta fara tsami, ko ta tsinke ruwa ya taso sama, ko tana ƙananan kumfa, kada ka kai baki. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko yake shan maganin ciwon daji, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni, ya bar ta ko da sabuwa ce. Jan catni na tumatir da albasa soya shi ake yi kafin a markaɗa, ya fi aminci. Akwai kuma podi, busasshen garin wake da barkono da riɗi da ake kwaɓawa da man riɗi ko man shanu a dangwala idli, wanda ba ya saurin lalacewa.

Ruwan sha ma haka. Kofin ƙarfen da ake ajiye maka da zarar ka zauna daga matata yake a wurare da yawa, amma baƙon ciki bai saba ba. Ka sayi na gora mai hatimi, ko ka nemi ruwan zafi, wanda ba baƙon abu ba ne a wurinsu. A Kerala sukan kawo ruwa mai ɗumi, ja-ja ko ɗorawa, da aka tafasa da ɓawon wani itace ko wani iri mai ƙamshi. In yana da zafi sosai ka sha. In ɗumi-ɗumi ne, wataƙila an sirka shi da ruwan sanyi, kuma amfanin tafasawar ya tafi. Lemon da aka matse da ƙanƙara a bar shi.

Sambar ita ce uwar miya a duk yankin. Wake ne da suke kira tur ake dafawa har ya narke, a zuba ruwan tsamiya, garin kayan yaji, da kayan lambu: kabewa, kuɓewa, gauta, ƙananan albasa, da wasu dogayen sanduna kore da baƙo kan rasa gane su. 'Ya'yan zogale ne. Mu ganyen muke ci mu bar 'ya'yan su bushe a bishiya, su kuwa 'ya'yan suka fi so tun suna ɗanye. Ba a haɗiye ɓawon, a tsotse cikin ne da haƙori a ajiye zaren a gefen faranti. Sambar ɗin Karnataka tana da ɗan zaƙin mazarƙwaila, ta Tamil Nadu ta fi tsami da kauri. Dole ta zo tana tururi. Sambar mai sanyi a mayar, za su canza ba musu.

Abincin rana shi ne ya fi buƙatar bayani, domin yana da tsari. Kalma ɗaya za ka faɗa, mils, yadda suke kiransa. A wanke hannu tukuna a famfon da ke kusurwa. Za a shimfiɗa maka ganyen ayaba, tsininsa yana hagunka. Ka yayyafa ruwa ka shafe da tafin hannu. Masu rabo za su zo ɗaya bayan ɗaya da bokitan ƙarfe. A rabin ganyen da ke nesa da kai za a jera gishiri, acar, wato mangoro ko lemon tsami da aka jiƙa cikin gishiri da barkono da mai, sai poriyal, kabeji ko koren wake da aka soya sama-sama da kwakwa, sai kutu, kayan lambu cikin wake mai kauri, da apalam, wani siririn fai-fai na garin wake mai ƙarau-ƙarau. A rabin da ke kusa da kai a tula shinkafa.

Kuskuren baƙo shi ne ya bari a zuba masa duk miyoyin lokaci guda, ko ya cinye shinkafar da miyar farko. Raba ta ake yi kashi uku ko huɗu. Kashin farko da dafaffen wake da ɗan man shanu. Na biyu da sambar. Na uku da rasam, ruwa-ruwa ce ta tsamiya da tumatir da masoro da tafarnuwa, wadda mai mura ko wanda ya tashi daga zazzaɓi zai ji daɗinta ƙwarai. Na ƙarshe da kindirmo ko tsala da ɗan gishiri da acar. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, shi ke kashe zafin barkonon da ya gabata. Ka yi rami a tsakiyar shinkafar kafin a zuba rasam, in ba haka ba za ta gangara ta bi ganyen ta sauka a cinyarka. Da hannun dama ake ci, da 'yan yatsu, abin da ba sai an koya mana ba. A yawancin wurare ƙari kyauta ne har ka ƙoshi, amma na mutum ɗaya ne, ba a haɗa hannu biyu a ganye ɗaya. In ka ƙoshi ka ɗora hannu a saman ganyen ka ce podum a Tamil Nadu, saku a Karnataka, calu a Andhra da Telangana, madi a Kerala. In ka gama a Tamil Nadu, ka naɗo ganyen daga can zuwa wajenka. Naɗe shi zuwa waje a gidan makoki ake yi.

A kula, yaren Hindi da wasunmu suka tsinta a fina-finai ba ko'ina zai yi aiki a nan ba. Tamil Nadu ta yi zanga-zangar ƙin tilasta mata Hindi a 1965, kuma har yau batun da ransa. Ɗan Turanci da nuni da yatsa sun fi. Ka kira mai rabon abinci anna, wato yaya, za ka ga fuskarsa ta saki.

Maganar barkono: tifin ba shi da zafin da zai dami wanda ya saba da yajin tsire. Abincin Andhra da Telangana ne ke da wuta, barkonon Guntur ba wasa ba. Amma a can ne za ka samu gongura, wato ganyen yakuwa da aka soya aka daka da barkono, ana cakuɗa shi da shinkafa mai zafi da man shanu. A kudancin Karnataka kuma akwai ragi mudde, tuwon tamba ne, ana gutsura a tsoma a miya a haɗiye ba tauna.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne abincin ba ya riƙe ciki, babu nama. Gaskiya ne idli biyu ba za su kai ƙato azahar ba. Sai ya haɗa da pongal, shinkafa da ƙaramin wake da aka dafa suka yi luguf da man shanu da masoro da citta, wanda ke zama a ciki har rana ta take. Ko adai da pesaratu, dosar da wake ya fi yawa a cikinta. Nama kuma a je gidan Musulmi sau biyu ko uku a mako. Wannan ya fi a riƙa cin naman da ba a san asalinsa ba kullum, zuciya na ɗar-ɗar.

Ga shi kansa mara lafiyar, dole a bi ta kan likitansa, domin rashin nama ba ya nufin abinci ya dace da kowa. Idli da farar shinkafa suna ɗaga suga da sauri, mai ciwon suga ya rage su ya ƙara kayan lambu, ko ya nemi dosar tamba. Acar da apalam gishiri ne tsantsa, mai hawan jini ya ture su. Mai wankin ƙoda ya yi hattara da kwakwa, tumatir, dankali, ayaba da yawan wake, saboda sinadarin potasiyam. Wanda alkama ke damunsa ya sani cewa upma, rava dosa, puri da parota duk alkama ne, kuma garin hing, wani kayan ƙamshi da ake sa wa sambar, yawanci da garin alkama ake haɗa shi. Mai ƙin gyaɗa ya tambaya, domin tana shiga catni, musamman a Andhra.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin waɗannan wurare sun cancanci girmamawa, ba haƙuri kawai ba. Ba haka suka faro ba. A da akwai gidajen abincin da ke ware wurin zama bisa asalin mutum, har sai da mabiyan Periyar, wani jagoran yaƙi da bambancin asali, suka yi gangami a shekarun 1950 a Madras, wato Chennai ta yau, don a goge sunan Brahmin, rukunin da ake ɗorawa a sama a tsarin asali na Hindu, daga allunan gidajen abinci. Yau a teburi ɗaya za ka ga ma'aikacin banki da lebura da ɗalibi, kuma in akwai kujera babu kowa a gabanka, wani zai zauna ba tare da neman izini ba. Gwamnatoci ma sun gane cewa wannan abincin ne hanya mafi sauƙi ta ciyar da talakan birni. A 2013 gwamnatin Jayalalithaa, babbar ministar jihar a lokacin, ta buɗe gidajen abinci na Amma a Tamil Nadu, idli ɗaya rupi 1, shinkafa da sambar rupi 5, shinkafa da kindirmo rupi 3. A 2017 Karnataka ta buɗe na Indira, karin kumallo rupi 5, abincin rana rupi 10. Abin ya yiwu ne saboda shinkafa da wake da tururi ba su da tsada, kuma mace ɗaya mai tukunya babba za ta iya fitar da idli masu yawa a tashi ɗaya. Waɗannan gidajen abinci na gwamnati na talakawan garin ne, kuma baƙon da ke da halin biyan kuɗin gidan abinci na kasuwa ya kyautu ya bar musu.

Abin da ke barazana ga sana'ar daga cikinta yake: leda a tukunya, mai da ake juyawa, ganyen ayaba na jabu da aka yi da takarda mai rufin roba, da zuba sambar mai tafasa a farar leda ga mai tafiya da abinci. Tamil Nadu ta haramta ledar da ake amfani da ita sau ɗaya tun 1 ga Janairun 2019, amma har yanzu ana gani. Mai saye yana da ƙarfin da ya fi na mai bincike, domin shi kullum yana nan. Mai jinyar da zai kai wa mara lafiya abinci ya sayi kwanon ƙarfe mai hawa uku, ana samunsa a kowace kasuwa, ya miƙa a zuba masa: idli a sama, sambar a ƙasa, ba catni na kwakwa. Kada ya yarda a naɗe masa vada a jarida, tawada na narkewa cikin mai. Kuma a ci cikin awa ɗaya ko biyu.

Kofi ne ke rufe tifin. Garin kofi ne da aka haɗa da cikori, gasasshiyar saiwar wani tsiro, a zuba masa tafasasshen ruwa a wata matatar ƙarfe mai hawa biyu ya ɗiga a hankali, a haɗa da tafasasshiyar madara da suga. Yana zuwa a ɗan kofin ƙarfe cikin wani ɗan kwano. Ka riƙa juye shi daga wannan zuwa wancan har ya huce ya yi kumfa. Da suga yake zuwa, mai yawa kuwa, don haka mai ciwon suga ya faɗa tun wajen oda, ba bayan an kawo ba.

Wajen biya, lasisin FSSAI mai lamba 14 ya kamata ya kasance a rataye a bango, lambar kuma ta fito a rasit. Gidan da ba shi da ko ɗaya, ka nemi wani. Mutanen gari da waya suke biya, ta hanyar UPI, wadda baƙon da ba shi da asusun bankin Indiya yawanci ba zai iya amfani da ita ba, kuma ƙananan wurare ba duka ke karɓar katin waje ba. Ka riƙe takardun rupi 10, 20, 50 da 100, domin miƙa 500 a kan kofi ɗaya da sassafe rigimar canji ce. A Darshini ba a ba da tukuici. A wurin zama, rupi 10 ko 20 ga wanda ya yi maka hidima ya wadatar, a bar shi a ɗan farantin da aka kawo rasit.